Kundin aikin rafi: bin sawun N2O daga laka zuwa sama

3 ga Maris

Yau na buɗe wannan kundin saboda ɗan littafin da nake zuwa da shi bakin ruwa ya riga ya jiƙe sau biyu tun ba a fara komai ba, gara duk dare in kwafe abin da ya faru a nan kafin in manta. Aikin dai a kan wani ɗan rafi ne, faɗinsa bai wuce mita 6 ba, zurfinsa iya gwiwa a yawancin wurare, yana ratsa gonaki sannan can ƙasa wata kwata ta ruwan datti tana zubowa cikinsa. So nake in san yawan iskar naitiros oksaid, wato N2O, da ke fita daga ruwan nan zuwa sama, sannan in gane su waye a cikin ƙwayoyin halittar da ke laka suke yin ta.

Abin da ya ja ni gaskiya lissafi ne mai sauƙi. Tun da aka buɗe masana'antar farko ta haɗa amoniya, wadda ake yin takin zamani da ita, ta hanyar Haber-Bosch a Oppau ta ƙasar Jamus a 1913, abin ya yi ta ƙaruwa har yanzu duniya na zuba sama da tan miliyan 100 na naitirojin a gonaki duk shekara, kuma abin da shuka ke ɗauka da ƙyar ya kai rabi. Sauran fa? Wani ya tashi sama, wani ruwa ya wanke shi ya kai rafi. A rafin ne bakteriya ke karɓarsa su juya shi, mafi yawa ya koma N2, iskar da ita ce kashi 78 cikin 100 na abin da muke shaƙa, ba ta cutar da kowa. Amma ɗan kaɗan yana kufcewa a matsayin N2O, kuma ɗan kaɗan ɗin nan ba na wasa ba ne, rahoton IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, na 2021 ya ce a tsawon shekara 100 ƙarfinta wajen riƙe zafi ya ninka na CO2 sau 273, tana kuma zama a sama fiye da shekara 100. Kafin zamanin masana'antu kashi 270 ce cikin biliyan a iska, yanzu ta haura 335. Ga kuma binciken Ravishankara da abokansa na 2009 da ya nuna a cikin duk abin da ake saki yanzu ita ce kan gaba wajen cinye ozon, iskar da ke can sama tana kare mu daga hasken rana mai cutarwa.

Na zaɓi tasha uku. Ta 1 a sama kafin gonaki, ƙasanta yashi da tsakuwa, ruwan garai garai. Ta 2 bayan gonaki. Ta 3 kamar mita 200 ƙasa da bakin kwatar, laka baƙa ƙirin, in ka taka sai ƙafa ta nutse har idon sawu kumfa na tasowa.

5 ga Maris

Wanke kwalabe kawai, guda 36. Na manna musu lamba. Mitar oksijin ta karɓi saiti lafiya.

8 ga Maris

Ɗibar farko. Mun isa wajen ƙarfe 11 na safe ni da abokin aikina, muka gama kusan 2.

Wanda bai taɓa yi ba zai ɗauka cika kwalba da ruwa ba wani aiki ba ne, amma iskar da nake nema narke take a cikin ruwan, kuma ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Ruwan da ya daidaita da iskar sama a zafin digiri 25 abin da ke cikinsa na N2O kusan nanomol 8 ne kacal a lita. To ka ga in kumfa ɗaya mai girman ƙwayar ido ta maƙale ƙarƙashin murfi ta riga ta sace wani kaso ta ɓata maka lissafi. Sai ka zura siririn tiyo har ƙasan kwalbar, ruwan ya shiga a hankali, ya cika ya yi ta tumbatsa kamar sau uku na cikin kwalbar, sannan ka zare tiyon sannu sannu ka ɗora robar murfi ka matse da ƙarfe. Ka juya kwalbar ka ɗaga ta ga hasken rana ka duba. A tasha ta 2 kwalba huɗu na sake saboda duk sanda na juya sai in ga 'yar kumfa tana yawo kamar azurfa a gindi, ashe robar ce nake ɗorawa a kwance tana tarko da iska, sai an ɗan karkata ta gefe ɗaya ya fara taɓa ruwan.

Na ɗebi wani ruwan daban na tace shi don naitiret da amoniya. Oksijin a duk tashoshin uku da tsakar rana yana da kyau, har ta 3 ɗin da nake zaton zan same ta a shaƙe, gansakuka ta rufe gefenta kore shar tana ta fitar da ƙananan kumfa. Na yi mamaki amma na rubuta na wuce.

12 ga Maris

Gwajin naitiret. In ka zuba ruwan Griess a kan samfurin da aka riga aka mayar da naitiret ɗinsa naitirait sai ya koma ruwan hoda, injin ya karanta a nanomita 540. Tasha ta 1 da ƙyar ka ga launin, ta 2 kuwa jajir sai da na sirka ta. Ta 3 amoniya ce ta yi mata yawa. Layi a injin GC, wanda ke auna N2O ɗin da ke cikin samfuri, sai ranar 15.

15 ga Maris

Yau raina ya ɓaci sosai, ɗibar 8 ga wata gaba ɗaya ta tashi a banza.

Kowace tasha kwalba uku na cika a wuri ɗaya cikin minti goma, ya kamata lambobinsu su zo kusa da juna. A tasha ta 3 ɗaya ta yi sama can har ta wuce iskar ma'auni mafi girma da muke da ita, ɗaya tsaka tsaki, ta ukun kuma ta faɗi ƙasa da abin da ko ruwan da ya daidaita da iska zai nuna. Na fara zargin injin. Na ce wa dattijon da ke kula da ɗakin gwajin, Baba don Allah ku duba min, anya injin nan lafiya yake kuwa? Ya sake harba iskar ma'auni sau uku duk suka fito daidai, sai ya juyo ya ce ɗana me ka zuba a kwalaben bayan ka cika su? Na ce ban zuba komai ba, a kula mai ƙanƙara na sako su. Ya ce daga nan fa? Nan jikina ya yi sanyi, don na tuna daren farko kawai suka yi a firij, washegari aka buƙaci wurin aka fito da su kan benci, kwana shida suna zaune a ɗumi ban bi ta kansu ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Kwalbar da ka rufe ba matacciya ba ce, duk bakteriyar da ke cikin rafin tana ciki tana ci gaba da harkarta. Sun cinye oksijin ɗin da ke ciki, da ya ƙare suka koma numfashi da naitiret, suka tara N2O, sannan a wata kwalbar har sun juyo sun cinye N2O ɗin ma sun mayar da ita N2. Kowace kwalba na tsaya da ita a wani mataki daban na tafiya ɗaya. Wato dai abin da na auna ba rafin ba ne, tarihin kwalba ne a kan benci.

Asarar ba ta kwalba tara kaɗai ba ce, gurbi 60 ake ba ni a injin duk mako, na ƙone kusan sulusinsa har da maimaici, ga robobin murfi da ba a sake amfani da su in an huda. Laifina ne, na karanta cewa ana zuba zink kulorayid ko makuri kulorayid don kashe ƙwayoyin, na ɗauka sanyi zai wadatar.

19 ga Maris

Mun zauna da Malam, mai duba min aikin. Bai yi faɗa ba, ya ce ai ka ga abin da ido yanzu, ya fi karatu. Shawarar da muka tsayar: ba makuri, guba ce kuma zubar da ita wani aiki ne. Zan riƙa fitar da iskar tun a bakin rafi. Sirinji mai mililita 60, ruwa 40, hiliyam 20, a girgiza minti uku don N2O ɗin ruwan ta shiga cikin hiliyam ɗin, a tura iskar cikin ƙaramar kwalbar Exetainer mai mililita 12 da aka zuƙe iskarta. Dole a rubuta zafin ruwan cikin sirinjin, don da shi ake komawa lissafin narkewa na Weiss da Price na 1980. 'Yan kwalabe kaɗan zan ci gaba da cikawa da zink don kwatantawa.

24 ga Maris

Ɗiba ta biyu da sabuwar hanya, kuma na ciro laka da bututun roba. A tasha ta 3 da na ɗaga bututun na ga abin da na daɗe ina karantawa: saman lakar wani siririn layi ne ruwan ƙasa mai haske, kaurinsa bai fi farce biyu ba, daga nan zuwa ƙasa baƙi wuluk mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Duk rigimar naitirojin a tsakanin layukan nan biyu take.

Ni yadda nake ɗaukarsa a kaina kamar matakala ce. A layin sama inda oksijin ke kaiwa akwai masu hawa, su ne ke ɗaukar amoniya su kai ta naitirait sannan naitiret, irin su Nitrosomonas da Nitrobacter da Nitrospira, waɗanda Winogradsky ya fara ware irinsu tun 1890. An daɗe ana cewa aikin na mutum biyu ne, wani ya yi rabi ya miƙa wa wani, sai a 2015 aka gano akwai Nitrospira da ke yin duka ita kaɗai. Haka a 2005 aka ware Nitrosopumilus maritimus daga tankin kifi a Siyatul ta Amurka, aka tabbatar ba bakteriya kaɗai ke cin amoniya ba har da arkiya, wani jinsi daban na ƙananan ƙwayoyin halitta. Masu hawan nan suna zubar da N2O a hanya, musamman in oksijin ya yi musu ƙaranci.

A ƙasa inda babu oksijin sai masu sauka, su naitiret ce numfashinsu. Taki huɗu suke yi: naitiret zuwa naitirait, zuwa NO, zuwa N2O, zuwa N2. Kowane taki da enzayim ɗinsa, wato sinadarin da ƙwayar ke haɗawa don yin aikin, kuma na ƙarshen, wanda ƙwayar gado ta nosZ ke haɗawa, shi ne ya fi kowa laushi. Tagulla yake buƙata, oksijin kaɗan ya taɓa shi ya tsaya, in ruwa ya yi tsami ma ba ya haɗuwa da kyau, in kuma naitiret ta yi yawa abinci ya yi kaɗan sai ƙwayoyin su ƙi wahalar da kansu da takin ƙarshe. Wasu ma ba su da nosZ ɗin sam, kusan kashi ɗaya cikin uku na masu saukar da aka karanta gadonsu, haka ma yawancin fungai, su a N2O tafiyarsu ke ƙarewa. Wannan taki ɗaya shi ke raba rafin da ke wanke mana ƙazanta da rafin da ke mayar da ita sama ta wata fuskar, shi ya sa na kasa daina tunaninsa.

Akwai wasu hanyoyin biyu da ba sa bin matakalar. Bakteriyar anamoks, da aka gano a wata matatar ruwan datti a Holan aka wallafa a 1995, suna haɗa amoniya da naitirait kai tsaye su ba da N2. Sai masu mayar da naitiret amoniya, waɗanda ke son irin wannan baƙar laka mai yawan ruɓa da salfa, su ba sa fitar da naitirojin daga ruwa, juya shi kawai suke ya ci gaba da tafiya ƙasa.

29 ga Maris

Sakamakon 24 ga wata ya yi kyau Alhamdulillah, kwalabe ukun kowace tasha sun zo kusa da juna, na zink da na sirinji ma sun yarda da juna. Tasha ta 1 dab da daidaito da iska, ta 2 ta haura, ta 3 ta fi su amma ba kamar yadda na zata ba.

Na haɗa akwatin shawagi don tara iskar da ke fita daga saman ruwa: roba mai faɗi a kife, na zagaye bakinta da soso mai yawo a ruwa, na huda sama na sa robar allura, na lulluɓe da takardar alminiyam don kar rana ta dafa iskar ciki. Na gwada a baho babu yoyo.

2 ga Afrilu

Akwatin ya tafi. Na ɗaure shi a tasha ta 2 da igiya jikin wani saiwa na hau sama in ɗebo ruwan tasha ta 1, an yi ruwa mai ƙarfi can saman rafin wanda mu ko ɗigo bai same mu ba, kafin in dawo ruwan ya ƙaru ya koma ja, igiyar kawai na tarar. Mun bi gaɓa kusan kilomita ɗaya ba mu gan shi ba. Da sirinji biyu da ma'aunin zafi a jikinsa. Na dai samu na ɗebi ruwan ambaliyar, don irin wannan lokacin ne takin gona ke shigowa da yawa.

6 ga Afrilu

Gwajin asitilin. Dabarar tsohuwa ce, tun 1976 aka nuna iskar asitilin tana toshe enzayim ɗin takin ƙarshe, to in ka zuba ta duk abin da zai zama N2 sai ya tsaya a N2O ya taru ka auna. Kwalba biyu kake yi daga laka ɗaya, ɗaya da asitilin ɗaya babu, bambancinsu ya nuna maka nawa ne nosZ ke cinyewa. Na kwaɓa laka da ruwan tasharta, na kore oksijin da hiliyam, na sa asitilin kashi 10 cikin 100 na sararin saman kwalbar, ina ɗiba duk awa ɗaya har awa shida.

Daga kabaid muka haɗa iskar, Baba bai bar ni na yi ni kaɗai ba, ya sa aka buɗe tagogi aka kashe duk wani abu mai tartsatsi, ya kuma sa muka bi da ita ta cikin ruwa don rage dattin da ke tahowa da ita. Ya ce ta tukunyar masu walda a cikin asiton take narke, ƙwayoyin kuma suna iya cin asiton ɗin su ba ka lambar da ta fi gaskiya.

Tasha ta 2 ta ba da layi miƙaƙƙe mai kyau, kuma kwalbar da babu asitilin N2O ɗinta kaɗan ce ƙwarai in aka kwatanta, wato takin ƙarshe yana aiki sosai in an rufe an hana oksijin shiga. Wannan ya yi daidai da abin da Beaulieu da abokansa suka samu a ƙoramu 72 na Amurka a 2011, ƙasa da kashi 1 cikin 100 na naitiret ɗin da aka sauke ne ya tsaya a N2O.

Matsalar tasha ta 1 da ta 3 ce. Duk biyun layin ya hau awa biyu ya kwanta. Da farko na ce ko yoyo ne, na duba babu. Sai da na zauna na yi tunani, asitilin ba takin ƙarshe kaɗai take toshewa ba, tana kashe enzayim ɗin masu cin amoniya ma, ko 'yar mitsitsiya ce. Ni kuma na riga na kore oksijin. To a wurin da naitiret ɗin ruwa ba ta da yawa, masu sauka da abin da masu hawa suka miƙo musu suke rayuwa, na yanke hannun da ke ba su abinci sannan ina tambayar me ya sa suka daina ci. A ta 3 ga kuma salfa, wadda aka sani tana sassauta toshewar. Don haka lambobin tashoshin nan biyu ba zan kira su abin da ke faruwa a rafi ba, iyaka in ƙara naitiret in ce ga ƙarfin da lakar ke da shi in ta samu.

11 ga Afrilu

Injin GC ya tsaya, layin tushe yana ta rawa. Yoyo ne a mahaɗar bututun iska, oksijin na shiga, na'urar ganowar kuma mai nikel 63 ce ba ta jure wannan. An gyara amma sai ya kwana biyu yana daidaita. Na haɗa akwati na biyu.

14 ga Afrilu

Na samu aron loga ta oksijin, na'urar da ke aunawa tana adana bayanai da kanta, na bar ta a tasha ta 3 kwana biyu, a ɗaure da waya jikin ƙarfen da na kafa da kaina wannan karon. Da na zuba bayanan a kwamfuta na daɗe ina kallon zanen. Da rana oksijin yana sama har ya wuce daidaito da iska, daga faɗuwar rana sai ya fara gangarowa, kafin asuba ya kusa taɓa ƙasa. Gansakukar nan da na gani ranar farko ita ke cika ruwan da oksijin in akwai haske, da dare ita da bakteriya duk su koma zuƙa.

Duk ɗibar da na yi tun 8 ga Maris tsakanin 11 da 2 na rana ce. Ashe rafin da na sani na rana ne kawai.

17 zuwa 18 ga Afrilu

Kwana a bakin rafi, mu uku. Mun fara 4 na yamma, ɗiba duk bayan awa biyu a tasha ta 3, ta 2 kuma duk awa huɗu saboda tafiyar da ke tsakani. Na jera kwalaben a kwali tun a gida kowace da lambarta da lokacinta don na san da tocila a baki ba zan iya rubutu mai kyau ba.

Har 8 na dare komai lafiya. Daga 10 warin wurin ya canza, ya yi nauyi. Wajen 2 na haska ruwan na ga ƙananan kifaye sun taru a sama gefen da ruwan ke ɗan motsi, bakinsu a buɗe suna lasar saman ruwan, da yawa, ba sa ma gudun hasken. Dodon koɗi sun hauro jikin ciyawa sun fito daga ruwan. Mitar hannu ta nuna ƙasa da miligiram 2 a lita. Wallahi abin ya taɓa ni, da rana in ka wuce ta nan cewa za ka yi ruwan lafiya lau, alhali duk dare haka halittun nan ke kwana.

Ɗibar ƙarfe 4 na kusa ɓata ta, hannuna ya yi sanyi na buɗe bawul ɗin sirinjin ta gefen da ba shi ba, hiliyam ya fita iskar waje ta shiga. Na zubar na sake sabo, na rubuta cewa an makara minti 12. Jakar hiliyam ɗaya kuma ta sace a hanya, dole ɗibar 6 da ta 8 na safe a tasha ta 3 muka yi da iskar waje, na ɗebi iskar ita ma a kwalba daban don a cire nata a lissafi. Mun tashi 10 na safe. Kwalba 51, kusan rabon mako guda cif.

23 ga Afrilu

Sakamako ya fito. A tasha ta 3 N2O ta bi oksijin sau da ƙafa amma a juye, yana sauka tana hawa, ta kai ƙololuwa tsakanin 4 da 6 na asuba inda ta ninka ta tsakar rana sau da yawa, rana na ɗagawa ta fara raguwa. A ta 2 canjin ɗan kaɗan ne duk da ita ce mai naitiret mafi yawa.

Na tafi da zanen wajen Malam na ce Malam ku ga wannan. Ya duba ya ce ka nemi aikin Rosamond da abokan aikinta na 2012 a kan kogin Grand na Ontariyo a Kanada. Abin da suka gani ke nan, oksijin ne ya fi juya fitar N2O ba yawan naitiret ba, kuma mafi yawa da dare ne a ƙasan inda ruwan birni ke shiga. Na ji daɗi don ya nuna ba kuskuren hannuna ba ne, amma kuma ya zama dole duk lissafin wata ɗaya da rabi da na yi a tasha ta 3 in rubuta a gefensa cewa na rana ne.

Yadda nake fahimtarsa, da rana masu hawa suna samun oksijin su tara naitiret daga amoniyar kwatar, da dare layin nan mai haske na saman laka ya sirance, masu sauka su matso sama har cikin ruwan. Takin farko uku suna tashi da wuri, na huɗun kuma sauran oksijin ɗin da bai gama ƙarewa ba yana danne shi, kafin ya miƙe gari ya waye. A kwalbar da na rufe ruf ranar 6 ga wata yana da awanni yana aiki ba mai damunsa, a rafi kuwa kullum ana kunna shi ana kashewa.

27 ga Afrilu

Sanin abin da ke cikin ruwa rabin aiki ne, sai an san saurin da iskar ke tsallakawa sama. Akwati na biyu ya ba ni ciwon kai, in na ɗaure shi wuri ɗaya ruwan na dukan bakinsa yana tada ƙananan igiyoyi a ciki, lambar ta kumbura. In na sake shi ya bi ruwa ina biye da shi a gaɓa sai ta ragu sosai, kuma ita ce ta fi kusa da lissafin Raymond da abokansa na 2012 da ke amfani da gudun ruwa da gangaren rafi. Na sakakken zan riƙe. Illa dai a tasha ta 1 tsakuwa na tare shi duk bayan 'yan mitoci.

Na kuma gwada lambar IPCC, wadda ƙa'idar 2006 ta sa 0.0025 ga koguna, gyaran 2019 ya mayar 0.0026, wato kilo nawa na naitirojin ke fita a N2O daga kowane kilo da ruwa ya wanko. Lamba ɗaya ga tasha ta 2 da ta 3 alhali halinsu ba ɗaya ba ko kusa. Na gane dalilinta, ƙasa guda ba za ta kwana a bakin kowane rafi ba, amma a ganina duk lissafin da bai tambayi oksijin na dare ba zai riƙa tsallake irin tasha ta 3. Su Beaulieu ma kashi 0.75 cikin 100 suka ƙiyasta, ninki uku na lambar 2006.

30 ga Afrilu

Shigar da bayanai. Na sa lakar 24 ga Maris da ta daren 17 a firiza mai tsananin sanyi.

3 ga Mayu

Abin da ya rage a kasafi ba zai ɗauki komai da komai ba, kwalaben Exetainer da hiliyam sun ci fiye da rabi. Na so a auna aisotof na N2O ɗin, wato nau'o'in naitirojin masu nauyi daban daban da ke cikinta, don wurin da naitirojin 15 ke zama a jikinta yana bambanta wadda ta fito daga masu hawa, kusan 33 cikin dubu, da ta bakteriya masu sauka da ke kusa da sifili, amma sai an aika wani ɗakin gwajin, Malam ya ce a ajiye kwalba shida na asuba a jira. Abin da za mu iya yanzu shi ne ciro DNA daga lakar mu ƙirga ƙwayoyin gado na amoA, ta masu hawa, da nirS da nirK da nosZ na masu sauka, har da rukuni na biyu na nosZ wanda da yawan masu ɗauke da shi cin N2O kawai suke ba sa yin ta.

Kwana na biyu a bakin rafi ranar 9 in sha Allah, wannan karon har da sabuwar tasha kamar kilomita ɗaya ƙasa da ta 3, in ga inda oksijin ke farfaɗowa da nisan da N2O ke kaiwa kafin ta gama fita. Sai na nemo jakar hiliyam biyu, batir na tocila, da wanda zai riƙe min agogo.